Daga Cikin Jini Zuwa Tashar Mota: Lissafi Zai Iya Bin Sawun Annoba?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar malamai da likitocin da ke nan. Ina digiri na biyu a fannin lissafi, kuma aikin da zan rubuta a kan yaɗuwar cututtuka ne. Tsarin da muka saba da shi a aji shi ne wanda ake kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ta kama suna yaɗa ta, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Wannan na iya shi. To malamina ya ce bai wadatar ba, so yake in haɗa abin da ke faruwa a jikin majinyaci ɗaya da abin da ke faruwa a gari, har da kai-komon mutane tsakanin garuruwa. Nan na tsaya. A cikin jini awoyi ake ƙirgawa, a gari makonni, a faɗin ƙasa shekaru. Yaya ake ɗinke waɗannan wuri ɗaya ba tare da an yi wa gaskiya kwaskwarima ba? Kuma wace cuta ya kamata in ɗauka?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Ummi. Fara da komawa tushe. Tsarin gida ukun nan daga aikin Kermack da McKendrick na 1927 ya fito, waɗanda suka gwada lissafinsu da mace-macen annobar da aka yi a birnin Bombay na Indiya a 1905 zuwa 1906. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, ainihin aikin nasu ya fi wanda muke koyarwa faɗi. Ba su ce duk mai cuta ƙarfin yaɗawarsa ɗaya ne kullum ba. Cewa suka yi ƙarfin yana sauyawa gwargwadon kwanakin da mutum ya yi da kamuwa. Gida ukun da kika sani, sauƙaƙawa ce kawai daga wancan.

To a nan mahaɗar da kike nema take. Lissafin cikin jiki zai ba ki yawan ƙwayar cuta a rana ta ɗaya, ta biyu, ta biyar, har ta ƙare. Sai ki mayar da wannan yawan ya zama yiwuwar harbin wani a kowace rana. Ki haɗa da adadin mutanen da yake cuɗanya da su a ranar, ki tara na dukkan kwanakin, abin da ya fito shi ne R0, wato mutum nawa mai cuta ɗaya zai harba a cikin jama'ar da babu mai garkuwa. In ya haura ɗaya, annoba za ta tashi. In bai kai ba, za ta mutu da kanta.

A takarda abin bai da wuya. Wuyar tana tsakiya: wa ya auna miki cewa ninkin ƙwayar cuta goma a jini yana nufin ninkin harbi goma? A yawancin cututtuka ba haka ba ne.

Hajiya Talatu: Ku yi mini afuwa, ni ba lissafi na karanta ba, aikin lafiya na yi a ƙauyuka har na yi ritaya. Amma ina da ƙorafi a kan wannan sana'ar taku. Lokacin Ebola a 2014, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce zuwa watan Janairun 2015 mutum miliyan 1.4 na iya kamuwa a Laberiya da Saliyo. Da aka gama, duka ƙasashen uku har da Gini mutum dubu 28 da ɗoriya ne suka kamu, sama da dubu 11 suka rasu. Ba ƙaramin rashi ba ne, Allah ya ji ƙansu, amma ina dubu 28 ina miliyan 1.4? Da korona ta zo, haka aka yi ta tsoratar da mu. Abin da ke damuna, in aka faɗi irin wannan bai faru ba, mu ne muke komawa ƙofar gidajen mutane da akwatin allura, mu ake kallo a ce ai ƙaryar da kuka saba ce. Masu lissafin ba sa nan lokacin.

Baban Amira: Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, amma bari in cike labarin. Wancan adadin sharaɗi gare shi: idan ba a ƙara yin komai ba, kuma mutane ba su sauya hali ba. Sannan sun ninka alƙaluman da aka kai rahoto sau biyu da rabi, don sun ɗauka da yawa ba sa zuwa asibiti. Ba tare da ninkin ba, dubu 550 ne. A cikin rahoton dai suka ce in aka killace kashi 70 cikin ɗari na majinyata, annobar za ta karye. Jaridu suka ɗauki babbar lambar suka bar sauran.

Duk da haka akwai rauni a irin wancan lissafin, kuma shi ne ainihin tambayar Ummi. Ya ɗauki ƙasa sukutum kamar kowa na iya haɗuwa da kowa. Ebola kuwa ba haka take tafiya ba. Mai jinya take kamawa, da mai wankan gawa, da ma'aikacin asibiti. Takan cinye gida, ta ragu, sai wani ya ɗauke ta a mota zuwa jana'iza a wani gari ta sake sabon tashi. In ka leƙa gunduma-gunduma, hauhawar ba ta kai saurin da ake gani in an tattara ƙasa duka ba. Wanda ya tsallake matakin gida da unguwa dole hasashensa ya zarce.

Hajiya Talatu: To ai ka ga abin da nake faɗa. Wanda ya taɓa zaman makoki a ƙauye ya san wannan ba sai da kwamfuta ba.

Dakta Nasiru: Ya sani, Hajiya, amma bai san gado nawa za a tanada ba, kuma wannan ita ce tambayar da aka yi wa masu lissafin a lokacin. Ku dubi Legas. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka da cutar daga Laberiya. Marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma cutar ta yi ajalinta. Aka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, aka tsaya a kan mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Ƙwayar cutar ɗaya ce da ta Monrobiya, babban birnin Laberiya, abin da take yi a jiki ɗaya ne. Matakin da ke sama da jiki ne ya bambanta. Shi ya sa nake jin zafi in na ji an ce "R0 na cuta kaza kaza ne" kamar an rubuta a goshinta.

Batun korona kuma, ni ba na yarda a ce ba ta taɓa mu ba. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa. Daga baya ministan lafiya ya ce kusan mutum dubu ɗaya ne suka rasu a lokacin, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na iya zama sanadin cutar. Ƙasar da ba a cika rajistar mutuwa ba, da wane ma'auni za a ce hasashe ya yi daidai ko ya kuskure?

Malam Garba: Ummi, kin tambayi cutar da za ki ɗauka. Ki ɗauki zazzaɓin cizon sauro, dalilina kuma Garki. Ba ta Abuja ba, Garkin jihar Jigawa, wadda a lokacin take cikin tsohuwar jihar Kano. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike a ƙauyukan yankin wanda har gobe duk mai lissafin wannan cuta a duniya ya san da shi. Ina takaicin yadda ɗalibanmu ke ɗauko alƙaluman wasu ƙasashe alhali wannan a ƙofar gidansu aka yi.

Tambayar ita ce: a irin wannan yanki namu, in aka haɗa feshin ɗakuna da raba magani ga kowa da kowa, za a iya katse cutar? Sai da suka fara auna yadda abin yake kafin a taɓa komai. Ana ɗibar jinin mutane a kai a kai ana dubawa, ana kama sauro da dare ana ƙirgawa ana feɗewa. A daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshin, wasu ƙauyukan aka ƙara musu da magani. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma yawan masu ɗauke da falsifarum, wato nau'in ƙwayar cutar da ya fi haɗari, a jini kusan kashi 25 kawai ya ragu. Inda aka haɗa da magani abin ya faɗi ƙasa ƙwarai, sai dai bai katse ba, da aka daina kuma ya dawo.

A cikin aikin ne masu bincike Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da tsarin lissafinsu a 1974. Sabon abin da suka shigar shi ne garkuwar jiki: sun raba mai ɗauke da ƙwayar yana ba sauro, da mai ɗauke da ita ba ya bayarwa, da wanda cizon shekaru ya gina masa kariya. Wato abin da malaminki yake nema, an fara shi a kan jinin mutanen Garki tun kafin a haife ki.

Ummi: Ikon Allah. Malam, ban taɓa jin wannan ba. Amma kaina ya ɗaure: a rage kashi 90 a sama, a samu kashi 25 a ƙasa? Ina sauran ya shiga?

Malam Garba: Ɗauki misali da lamba, ba ta Garki ba ce, don fahimta ce kawai. A ce R0 ɗari ne. Kin rage kashi 90, saura goma. Goma har yanzu ya ninka ɗaya sau goma. Wanda a da sauro mai cuta ke cizo sau ɗari a damina, yanzu sau goma ne, cizo ɗaya kuwa ya isa. Ga kuma sauron da ba ya kwana a bangon ɗaki, ya ci jini ya fita waje, feshi bai same shi ba.

Tunda mun zo nan, ga abin da nake so kowa ya gani. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar a cikin sauro a Indiya a 1897, ya nuna da lissafi cewa ba sai an ƙarar da sauro ba, a sauko da shi ƙasa da wani mizani kawai. George Macdonald ya ɗora a shekarun 1950. Ƙwayar tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin macen sauro kafin ta kai ga yawunta, gwargwadon zafin gari. Mu ce 12. In a kowace rana tara cikin goma na sauro ke kai wa gobe, ki ninka 0.9 da kansa sau 12, za ki samu kusan 28 cikin ɗari ne za su rayu har su iya harbi. Ki sauke shi zuwa 0.8, sai ya koma kusan 7 cikin ɗari. Ɗan gajarta ran sauro ya raba haɗarin gida huɗu. Sannan sau biyu sauro ke cizo kafin cuta ta wuce, ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya sauke, don haka in kin rage cizo da rabi, yaɗuwa kashi ɗaya cikin huɗu za ta koma. Hikimar gidan sauro mai magani ke nan, yana tare cizo yana kuma kashewa.

Dakta Nasiru: Bari in ƙara da ɓangarenmu, don a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Bayan cizo ƙwayar hanta take tafiya, ta yi kamar mako ba alamar komai. Sai ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, duk awa 48 ta fasa su ta fito da 'ya'ya masu yawa su shiga wasu. Wannan shi ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi. Amma waɗannan masu kwantar da mutum ba su ne ke wucewa cikin sauro ba. Kaɗan daga cikinsu ne ke rikiɗa su zama ƙwayoyin iri, maza da mata, kuma a falsifarum sai sun yi kwana goma ko fiye kafin su nuna.

Kin ga abin da wannan ke nufi, Ummi? Ranar da yaro ya fi jin jiki ba ita ce ranar da ya fi ba sauro cuta ba. Zai iya shan magani, ya warke, ya koma makaranta, a lokacin ne irin ya nuna a jininsa. In kika ce yaɗawa tana bin yawan ƙwayar da ke jini a ranar, kin kuskure da kusan mako biyu. Binciken da aka yi a Burkina Faso da Uganda, inda ake ba sauro jinin mutane ya sha a duba ko ya ɗauka, ya nuna yara 'yan makaranta da ba su da alamar ciwo suna cikin waɗanda suka fi raya cutar a gari. Su kuwa ba sa zuwa wurinmu, don ba abin da ke damunsu.

Hajiya Talatu: Wannan kam na shaida, Likita. Da rani tsakiya, ba ruwa ba sauro, ka gwada yara lafiyayyu a ƙauye sai ka samu wasu da ita. Mun daɗe muna tambayar junanmu ina cutar ke ɓuya tsawon wata shida ko bakwai. Ashe a jikin mutane take zaune tana jiran ruwan farko. To ga tambayata: maganin da ake rabawa wata-wata da damina tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ake ba. Yayyensu fa, waɗanda ka ce su ke riƙe da ita?

Dakta Nasiru: An tsara shi ne don hana mutuwa, Hajiya, ƙanana kuwa su ke mutuwa, kuma yana aikinsa. Katse yaɗuwa wata manufa ce daban. Ko ya dace a ɗaga shekarun, da nawa za a kashe, da abin da za a samu, irin tambayar da ba a iya amsawa da ido ke nan.

Baban Amira: Ummi, akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki ari lambobin cikin jiki daga ayyukan wasu. Yawancin abin da aka sani game da tsawon zaman falsifarum a jikin da ba a yi wa magani ba, daga asibitocin masu taɓin hankali na jihohin kudancin ƙasar Amurka ya fito, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A zamanin ana sa wa masu ciwon tunjere da ya taɓa ƙwaƙwalwa zazzaɓin cizon sauro da gangan, don zafin jikin ya kashe tunjeren. Likitan da ya ƙirƙiro hanyar, Wagner-Jauregg, har kyautar Nobel ya samu a 1927. Ana ƙirga ƙwayar jininsu kullum, aka ga tana iya yin watanni, wasu fiye da rabin shekara. Manya ne da ba su taɓa haɗuwa da cutar ba. Da su ake ƙiyasta jikin yarinyar Haɗeja da aka ciza tun tana goye.

Ummi: Innalillahi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Yaya Baban Amira, ya halatta ma in yi amfani da irin wannan?

Dakta Nasiru: Yau babu kwamitin da zai yarda a maimaita, kuma daidai ne. Ana amfani da bayanan don babu madadinsu, ba wanda zai zuba ido yana ƙirga ƙwayar mutum bai ba shi magani ba. Ki faɗi asalinsu a fili cikin aikinki, ki kuma gwada yadda sakamakonki zai sauya in tsawon zaman ya ragu ko ya ƙaru.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun farko, na ga ba a taɓa mataki na ukun da ƙanwarmu ta tambaya ba, na tsakanin garuruwa. A nan wajenmu aka yi aikin da ya fi burge ni, a kan ƙyanda.

A Ingila kafin rigakafi, ƙyanda da buɗe makarantu take tashi, duk shekara biyu a yi babba. Da aka ɗauko wannan tunanin aka kawo Yamai sai ya ƙi zama. Yaran da take kamawa a nan yawancinsu ba su isa shiga makaranta ba. Kuma da yawan haihuwarmu, lissafi cewa ya yi duk shekara za a riƙa yin ta daidai wa daida. Amma abin da ake gani, shekaru su wuce shiru, sai a wayi gari da babba, kamar ta 2003 zuwa 2004 da ta kama sama da mutum dubu goma a Yamai. Wani mai bincike, Ferrari, da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa bambancin rani da damina ne ya yi tsanani, har cutar kan ɗauke ƙaf da damina. Kamar ciyawa ce, shekarar da gobara ba ta ci ba taruwa take, ranar da wuta ta samu shiga sai ta yi ɓarnar shekara uku. Yaran da aka haifa ba a yi musu allura ba su ne ke taruwa.

Me ke kawo bambancin? A 2011 Nita Bharti da tawagarta suka ɗauko hotunan dare na tauraron ɗan Adam na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Suka ga hasken biranen yana ƙaruwa da rani, ya ragu da damina, yaɗuwar ƙyanda kuma tana bin sa sau da ƙafa. Cin rani ne. An gama girbi, mutane sun shigo birni da iyalansu, unguwannin gefe sun cika. Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona. Abin da kakata ta sani ne, amma sai da aka auna shi kafin ya shiga lissafin masu tsara rigakafi. Kuma hanyar Maraɗi zuwa Katsina da ta Damagaram zuwa Kano ba sa hutawa. Wanda ya yi lissafin ƙyandar Kano ya tsaya a kan iyaka, rabin aiki ya yi.

Hajiya Talatu: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wannan shi ne irin lissafin da zan sa hannu a kai, don ya gaya mini wata da unguwa. In ka ce mini bayan girbi, unguwannin da baƙi ke sauka, na san inda zan kai ma'aikata da ƙanƙara. Ƙyanda ba ta da wasa, sai an rufe kusan kashi 95 cikin ɗari da allura biyu, mu kuwa muna ƙirga yaran unguwa da lissafin mazauna, ba a sa 'yan cin rani.

Baban Amira: A nan zan saɓa da malamin Ummi, da ma Malam Garba in ya yarda da shi. Ku lura, aikin ƙyandar nan bai leƙa cikin jini ba ko kaɗan. Ya ɗauka yaro na yaɗawa na wasu kwanaki, shi ke nan, kuma ya ba da amsa mai amfani. Duk matakin da ka ƙara, ka ƙara lambobin da ba ka auna ba. Na ga ayyukan ɗalibai masu lambobi talatin, ashirin da biyar an aro su daga takardun wasu, sauran an murɗa su har zanen ya hau kan alƙaluma. Irin wannan zai dace da duk abin da ka ba shi, don haka ba ya gaya maka komai. Gara ƙaramin tsari da za a iya ƙaryatawa.

Malam Garba: A kan ƙyanda na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ciwon gajere ne, kusan iri ɗaya a kowa, garkuwar kuma ta har abada. Abin cikin jiki yana gamawa da sauri kafin na gari ya motsa, don haka ana iya dunƙule shi a lamba ɗaya ko biyu. Amma zazzaɓin cizon sauro ba ya dunƙuluwa. Zamansa a jiki ya kai tsawon rani, wato agogon jiki da agogon gari sun zo ɗaya. Kuma abin yana komawa baya: yawan cizon da ake yi a gari shi ke gina garkuwar mutum, garkuwar ita ke yanke yawan irin da zai ba sauro.

Ga tambayar da ƙaramin tsarinka ba zai amsa ba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙara ɗan ƙaramin awo na wani magani mai suna firimakwin sau ɗaya a kan maganin da aka saba, a wuraren da ake neman kawar da cutar. Ba ya ƙara wa majinyaci sauƙi, ƙwayoyin iri yake kashewa. Amfaninsa na maƙwabta ne. Yaya za ka auna wannan in tsarinka bai san akwai ƙwayoyin iri ba?

Baban Amira: Wannan na karɓa, Malam. Amma sharaɗina yana nan: kada ta ƙara mataki sai ta nuna tambayar da ba ta amsuwa sai da shi. Kuma mataki uku a digiri na biyu ya yi yawa, ko wa ya ce.

Hajiya Talatu: Ummi 'yata, ga nawa. Duk lambar da za ki samu daga ofis, wani ne ya rubuta ta da biro a rajista, a ɗakin da mai yiwuwa shi kaɗai ne ma'aikaci. Na yi aiki a inda kayan gwaji suka ƙare ana tsakiyar damina, duk mai zazzaɓi aka rubuta shi cizon sauro. Wata na gaba kaya suka zo, adadi ya faɗi. Wanda ke kallon alƙaluman daga nesa zai ce cuta ta ragu. Akwai watan da hanya ke yankewa, ba mai iya zuwa, a rubuta kaɗan, alhali a lokacin aka fi kwanciya. Ga masu sayen magani a kemis, su ba sa cikin kowace rajista. Kafin ki zuba komai a kwamfuta, ki nemi izini ki je ƙaramin asibiti ki zauna kusa da mai rajistar, ki tambaye shi wane wata ne bai yarda da abin da ya rubuta ba. Zai gaya miki.

Ummi: Na gode ƙwarai, Mama, na gode malamaina. Ga abin da zan kai wa malamina: mataki biyu, jiki da ƙauye, a kan falsifarum. Tambayar kuma guda ɗaya, wadda Mama ta yi: in an ɗaga shekarun maganin damina ya haɗa da yara har zuwa shekara goma, nawa masu ɗauke da ƙwayar za su ragu a ƙarshen rani? Zirga-zirga zan bar ta a matsayin 'yan kamuwa kaɗan da ke shigowa daga waje. Malam Garba, wace shekara zan fara ƙirga sakamako?

Malam Garba: Ba ta farko ba. Ki bar tsarin ya yi ta juyawa shekaru masu yawa babu magani, har damina ta riƙa maimaita kanta kuma garkuwar manya ta zauna, sannan ki shigar da maganin. Kafin nan ki gwada shi da Garki: ki rage ƙarfin sauro da kashi 90 ki ga abin da zai ba ki. In ya ce cutar ta ɓace, akwai gyara a ɓangaren cikin jiki.

Ɗan Damagaram: Masu shigowa daga wajen nan kuma kada ki baza su daidai a wata goma sha biyu. Ki tara yawancinsu a gab da saukar ruwa, lokacin da 'yan cin rani ke dawowa shuka, wasunsu daga kudu inda sauro ba ya yankewa.